A Mararrabar Tsarnawa: Ƴar Waya Mai Shanye Man Direba

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya bi babbar hanya mai lamba 1, idan ya wuce Dogon Dutsi, ya bar Birnin Ƙonni da kimanin kilomita 15, sai ya iso Tsarnawa. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe gabas, ta bi ta ƙasar Malbaza mai siminti da Galmi mai albasa, ta nufi Maraɗi da Damagaram. Ɗayar ta karkata arewa, ta ratsa Badagishiri a ƙasar Illela, ta kai Tawa, daga can kuma sai Agadas da Arlit. Saboda wannan mararraba, da wuya mota ta wuce garin ba ta tsaya ba: wannan zai sauke fasinja, wancan zai ɗauki buhunan albasa, wani kuwa mai zai sha, ko dai a gidan mai ko a wajen masu kwalabe na bakin hanya, waɗanda a ke kira ƴan ruwa-ruwa.

Wanda ya zauna a teburin mai shayi ya kasa kunne ga hirar direbobin ƙananan motoci, ba zai daɗe ba sai ya ji kuka guda yana ta maimaituwa: mota tana shan mai. Wai man da a da ya ke kai ta Tawa ta dawo, yanzu sai an ƙara a Badagishiri. Wasu su ɗora laifin a kan mai, wasu a kan hanya, wasu su ce injin ne ya tsufa. Kowanne yana iya zama gaskiya. Amma sau da yawa, idan an ɗaga motar an leƙa ƙarƙashinta, sai a tarar da wata ƴar waya, wadda ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, tana reto kusa da salansa, ta ƙone ko ta tsinke, ko kuma an taɓa murɗe ta an naɗe da baƙin salatif. Wannan waya ita ce ke tafiya da kuɗin direba, lita bayan lita, ba tare da ya ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba.

Mota ta sake hali

Dattawan direbobi na wannan yanki sun koyi tuƙi a kan Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗa su a Kaduna a 1975. Irin waɗannan motoci kafireta ce ke gauraya musu mai da iska. Bakanike mai kunne yana iya saurarar injin, ya juya sukuru biyu, ya daidaita shi. Wayoyin da ke cikinsu kuwa duk na wuta ne: su kai wuta ga fitila, su kai ga ƙaho, su kai ga buji, wanda waɗanda suka koyi aiki a Sakkwato ke kira fulogi. Idan irin wannan waya ta tsinke, a murɗe, a naɗe, wuta ta wuce, magana ta ƙare.

Motocin yau ba haka su ke ba. Yawancinsu na hannu ne, daga Turai da Amurka da Japan, waɗanda suka shigo ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. Wani rahoto da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 waɗannan ƙasashe sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufo. A ƙasashen da aka ƙera su, doka ta daɗe da tilasta rage gubar hayaƙi. A Turai, tun daga 1993 sabuwar mota mai fetur ba ta shiga kasuwa sai da matacin hayaƙi a cikin salansarta. Wannan mataci, wanda a nan a ke kira katalizar, ba ya aiki sai gaurayen mai da iska ya tsaya daidai, kafireta kuwa ba ta iya tsayar da shi. Don haka aka maye gurbinta da allurai masu fesa mai, aka kuma sa wata ƙaramar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar mota, ta riƙa ba su umurnin yawan man da za su fesa.

To, ƙwaƙwalwa tana cikin akwati a rufe, ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin injin. Dole ta sami mai kawo mata labari. Mai kawo labarin shi ne wani ɗan ƙarfe mai kama da buji, wanda aka ɗaura a jikin bututun hayaƙi, bakinsa yana ciki, wayoyinsa suna waje. Da Faransanci sunansa *sonde lambda*. Masu gyara wasu su ce sondi, wasu su ce sansa. A wannan shafi za a kira shi hancin salansa, domin aikinsa ke nan: ya shaƙi hayaƙi ya faɗi abin da ya ji. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara ƙera shi, kamfanin Volvo na Suwidin kuma ya fara sa shi a mota a 1976, a motocin da aka yi domin jihar Kalifoniya ta Amurka, inda dokar hayaƙi ta fi tsanani.

Manyan motocin albasa da na siminti, masu shan gazuwal, tsofaffinsu ba su da wannan hanci, don haka maganar ba tasu ba ce. Ta masu fetur ce: tasi, da ƙananan motocin haya, da motocin gida, da motocin ma'aikatu.

Yadda hancin ke aiki

Fetur ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da mutum ke shaƙa. Domin ya ƙone ƙurmus, kilo guda na mai yana bukatar kilo 14,7 na iska, wato kusan kashi 15 ga kashi guda. Idan mai ya yi yawa, sai ya cinye oksijin duka, ragowarsa ya fita ɗanye. Idan iska ta yi yawa, sai oksijin ya saura a cikin hayaƙi. Ke nan duk wanda ya iya auna oksijin da ya saura a hayaƙi, ya san ko an daidaita gaurayen ko ba a daidaita ba.

A cikin hancin akwai wani ɗan tangaram na musamman, wanda aka shafe ciki da wajensa da ƙarfen falatinom. Fuskarsa ɗaya tana kallon hayaƙi, ɗayar tana kallon iskar waje. Idan ya yi zafi, ya haura digiri 300, sai bambancin da ke tsakanin iskokin nan biyu ya sa shi ya haifar da ƴar wuta, kamar ƙaramin batir. Idan mai ya yi yawa, wutar ta kan hau zuwa wajen volt 0,9. Idan ya yi kaɗan, ta sauka zuwa wajen 0,1. Ƙwaƙwalwa tana karanta wannan lamba: ta ga ta hau, ta rage mai, ta ga ta sauka, ta ƙara. Haka su ke ta yi, ragi da ƙari, sau da yawa cikin kowane minti, muddin injin yana tafiya.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya lura. Batirin mota volt 12 ne. Dutsen tocila guda ɗaya volt 1,5 ne. Saƙon hancin salansa kuwa bai kai ko volt guda ba, ƙarfin da ke tura shi ma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka wayarsa ba irin wayar fitila ba ce. Wayar fitila kaya ta ke ɗauka, idan kayan sun isa an gama. Wannan kuwa wasiƙa ta ke ɗauka, wasiƙa kuma idan ruwa ya taɓa ta ya ɓata lamba guda, to, ko ta isa hannun mai ita, ƙarya ta kai masa. Ɗan tsatsa a mahaɗi, ko ƴar laima a ƙarƙashin salatif, ya isa ya mai da 0,8 ta koma 0,3. Ƙwaƙwalwa ta ga lamba ƙasa, ta ɗauka injin yana jin yunwa, ta buɗe masa mai. Idan kuwa wayar ta tsinke ɗungum, ƙwaƙwalwa ta kan daina sauraro, ta koma ga wani ma'auni da aka rubuta mata tun daga masana'anta, wanda ya fi karkata ga yawan mai, domin kada injin ya mutu a hanya. Shi ya sa mota ke ci gaba da tafiya, shi ya sa kuma direba ba ya ganin gaggawar gyara.

Hancin farko waya ɗaya gare shi, kuma sai ya jira hayaƙi ya gasa shi kafin ya fara magana. A farkon shekarun 1980 aka ƙara masa ɗan murhu na lantarki a ciki domin ya yi zafi da wuri. Don haka mafi yawan waɗanda a ke gani yau wayoyi huɗu gare su: biyu na murhu, masu ɗaukar wutar batir, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta komawar saƙo. Mota mai silinda huɗu ta kan zo da hanci biyu, na gaban katalizar wanda ke daidaita mai, da na bayanta wanda ke duba ko matacin yana aiki.

Abin da ke cin wayar

Waɗanda suka shimfiɗa wayar nan a masana'anta, kwalta mai santsi suka yi wa lissafi. Ba su san hanyoyin kwarin Maggiya ba. Motar da ta sauka daga kwalta a Tsarnawa ta nufi kasuwar ƙauye, cikinta yana gogar tudun tsakiyar hanya, kututturen gero yana karce ta, ciyawa tana naɗewa a salansa. Da damina ta ratsa ƙorama, ruwa mai laka ya shiga soket, ya bushe a ciki, ya bar tsatsa. Ƴan maƙalan roba da ke riƙe wayar nesa da bututu, zafin bazara ya kan busar da su su karye. Da sun karye sai wayar ta kwanta a kan salansa mai zafin ɗaruruwan digiri, rigarta ta narke. Motar da ta kwana kusa da rumbu ko tarin albasa kuwa, ɓera ya kan shige ta neman ɗumi, ya gwada haƙoransa.

Sai kuma ɓarnar hannu, wadda ta fi ta hanya yawa. Mai walda ya zo liƙe salansa, bai cire soket ba, bai kare wayar ba. Yaron gareji ya zo kwance hancin, ya sa sifana yana juyawa alhali soket tana haɗe, wayoyi huɗu suka murɗe kamar igiyar guga, suka tsinke daga ciki, riga kuwa lafiya lau a ido. Ga kuma masu fasa katalizar su kwashe abin da ke cikinta, wanda a garejojin Nijeriya a ke yi wa laƙabi da Indomie saboda kamarsa da taliyar; ana sayensa ne domin ƙarafa masu tsada da ke jikinsa. Mota da yawa tun kafin su iso nan an kwashe musu shi, an yanke wayar hancin baya an cusa ta a wani lungu.

Akwai mai tsaro da aka sa domin ya yi ƙara idan irin wannan ta faru: ƴar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin, a allon gaban direba. Amma a tashoshin nan an mai da ita ado. Wasu direbobi sun shekara da ita a kunne, wasu sun liƙe ta da takarda, wasu dillalai kuma sun cire ƙwanta kafin su sayar. Mai sayen mota yana da hanya mai sauƙi ta gane wannan: ya murɗa makulli ba tare da ya ta da injin ba. Dole fitilar ta kama tare da sauran, sa'an nan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba tun farko, to, an rufe mata baki.

Ban da fitila, alamun su ne yawan shan mai, da baƙin toka a bakin salansa, da warin ɗanyen fetur, da buji masu yin baƙi da wuri, da injin mai rawa idan mota tana tsaye. Man da bai ƙone ba ya kan wanke bangon silinda, ya sauka ya tsinka baƙin mai. Ragowarsa ya je ya ƙone a cikin katalizar, ya narkar da ita, ta toshe, mota ta kasa hawan tudu.

Ga lissafi na misali, wanda kowane ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya bi da alƙalaminsa. Daga Tsarnawa zuwa Tawa kimanin kilomita 120 ne, zuwa da dawowa 240. A ce mota tana shan lita 8 a kilomita 100: tafiyar za ta ci lita 19 da ɗan kai. A ce kuma lalacewar waya ta ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar: lita 4 ke nan, ko kusa. A farashin da gwamnati ta tsayar a watan Yuli na 2024, sefa 499 kowace lita, wato dala ɗari babu tamma guda, asarar tafiya ɗaya ta kai jika 2. Direban da ke yin wannan hanya kwana 25 a wata, jika 50 ya zuba a hayaƙi. Kowa ya san buhun gero nawa wannan kuɗi ke saye da kaka.

Ƴan ruwa-ruwa su ne a kan fara zargi, tun da iyakar Nijeriya, wato ɗaya Illelar ta ƙasar Sakkwato, ba ta da nisa da Ƙonni. Gaskiya ne man da aka gauraya da kananzir, ko wanda ya kwana a jarka mai datti, yana rage wa hancin kwana. Amma babban makashinsa na da, wato dalmar da a ke zubawa a fetur, ya kau: ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai tun farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Tun Nuwamba 2011 ma matatar SORAZ ta Damagaram ke tace man ƙasa. Kafin a kama mai kwalba, a fara leƙa ƙarƙashin mota.

Gyaran tasha da gyaran gaskiya

Yadda abin ya saba gudana kowa ya sani. Mota cike da fasinja ta tsaya a bakin gareji, yaro ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, can sai a ji muryarsa:

— Maigida, waya ce ta tsinke. In murɗe ta?

— Murɗe maza, yaro, rana tana yi, mutane suna jira.

Ya feƙe bakin wayoyin da reza, ya haɗa baƙa da baƙa, fara da fara, ya naɗe da salatif, a ba shi na goro. Kafin a kai Badagishiri zafin salansa ya saki gam ɗin salatif, mahaɗin ya fara motsi. Idan kuwa aka yi rashin sa'a wayar murhu ta taɓa wayar saƙo, volt 12 ya shiga inda a ke jiran ƙasa da volt guda, ana iya rasa fis, ana iya rasa ƙwaƙwalwar kanta, wadda kuɗinta ya ninka na hanci sau da yawa.

Bakanike mai son aikinsa ya kan ce murɗi ba gyara ba ne, sai ya ɗauko dalma ya liƙe. A wayar fitila ya yi daidai. A nan kuwa ƙwazonsa ne zai cuce shi, saboda dalilai biyu. Na farko, wayoyin da ke fitowa daga jikin hancin galibi ba jan ƙarfe zalla ba ne. An yi su da ƙarfen da ke jure zafi, wanda dalma ba ta kama shi sosai, sai ta yi masa rufi a sama, ciki kuwa babu haɗi. Na biyu shi ne abin mamakin. An faɗa a baya cewa fuska ɗaya ta tangaram ɗin dole ta kalli iskar waje. To, ta ina iskar ke shiga, alhali an toshe hancin domin kada ruwa ya shige shi? A iri da yawa, ta cikin wayar ta ke bi, ta ƴan ƙofofin da ke tsakanin siraran zaren ƙarfe, tun daga soket har zuwa ciki. Wato hancin ta wayarsa ya ke numfashi. Dalma idan ta narke ta cike waɗannan ƙofofi, ta shaƙe shi. Sai ya yi kwana kaɗan yana aiki, sa'an nan lambarsa ta fara kaucewa. Saboda wannan dalili ne ma ba a cusa girisi a soket ɗinsa, ba a fesa masa man wanke tsatsa, ba a kuma shafa gam na silikon kusa da shi, domin tururin silikon guba ne gare shi.

Ke nan tambayar farko da mai gyara zai yi ita ce: ta wane gefen soket ɓarnar ta ke? Idan ta gefen mota ce, tsakanin soket da ƙwaƙwalwa, wayar jan ƙarfe ce, tana gyaruwa. Idan ta gefen hancin ce, masu ƙera motoci da yawa sun ce kada a gyara, a sake hancin gaba ɗaya da wayarsa. Wannan ita ce shawara mafi aminci, musamman idan tsinkewar tana dab da gindin ƙarfen, inda zafi ya fi yawa kuma babu wurin kamawa. Amma sabon hanci na asali ba kullum a ke samunsa a Ƙonni ko Tawa ba, kuma ba kowane aljihu ke ɗaukarsa ba. Idan ya zama dole a haɗa, kuma akwai sauran waya mai tsawon taƙi ko fiye, to, matsewa a ke yi, ba liƙi ba. Kamfanonin da ke sayar da hanci na kowace-mota, wanda ke zuwa ba soket, su ma da mahaɗin matsewa su ke haɗo shi.

Aikin ba shi da wuya, natsuwa ya ke so. A bar salansa ta huce. A tokare mota da abin da ba ya gocewa, kada a dogara ga jak kaɗai ko tarin duwatsu. A cire kan batir. A yanke duk inda ya ƙone ko ya yi kore, har a kai ga ƙarfe mai haske. Kada a yanke wayoyi huɗun a wuri guda. A saɓa su, kowane mahaɗi ya yi nesa da ɗan'uwansa da kamar faɗin yatsa biyu, domin ko riga ta sake budewa kada su taɓa juna. A fara zura wa kowace waya bututun roba mai tsukewa idan ya ji zafi, sa'an nan a sa bakunan biyu cikin ɗan bututun ƙarfe, a matse da filayar matsi, a ja a ji ya kama. A jawo robar ta rufe, a gasa ta kaɗan. Daga nan a mai da wayoyin cikin rigarsu mai jure zafi, a ɗaure su nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, a bar musu ɗan sassauci, domin injin yana girgiza a kan mazauninsa. Idan an kwance hancin, sifana mai lamba 22 ce tasa, kuma sai an ɗaure shi tukuna a ke haɗa soket. Gwajin injin kuwa a fili a ke yi, ba a cikin ɗaki rufe ba, domin hayaƙin yana kisa ba tare da wari ba.

Wurin da ƙwararru ma ke faɗawa shi ne launi. Ba duka kamfanoni suka yi yarjejeniya a kansa ba. A hancin Bosch mai waya huɗu, baƙa ita ce ta saƙo, mai ruwan toka ta komawa, farare biyu na murhu. A na Denso, wanda ke cikin yawancin motocin Toyota da suka cika tashoshin nan, baƙaƙe biyu su ne na murhu, shuɗiya ta saƙo, fara ta komawa. Wanda ya haɗa hancin wannan da soket ɗin wancan bisa "baƙa da baƙa", ya aika saƙo cikin murhu. Launin gefen mota kuma dabam ne da na gefen hanci. Magani shi ne a rubuta a takarda, kafin a yanke kome, wace waya ke shiga wane rami na soket, a kuma tabbatar da mita: wayoyi biyun murhu, idan an auna tsakaninsu, su kan nuna ƴar lamba, ƙasa da om 20 a yawancin iri, idan mita ba ta nuna kome ba, murhun ya tsinke, gyaran waya ba zai tashe shi ba. Ƙwan gwaji, wanda kowane mai gyaran lantarki ke yawo da shi a aljihu, ba a ɗora shi a kan wayar saƙo. Sa'an nan akwai sabon iri, a motocin Toyota da yawa na bayan shekarar 2000 da wasu na Turai masu waya biyar ko shida, wanda lambarsa ba ta hawa da sauka kamar ta tsohon. Sau da yawa a kan yanke masa hukuncin mutuwa alhali lafiyarsa lau.

Inda karatu ya shigo

Mota ta zamani tana rubuta ciwonta. Tun 1996 a Amurka, tun 2001 kuma a Turai, kowace ƙaramar mota mai fetur tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan aka haɗa akwatin bincike, ko ƙaramar na'urar da ke magana da wayar salula, sai ta fito da lamba. P0130 zuwa P0134 suna nuni ga saƙon hancin gaba, P0135 murhunsa, P0141 murhun na baya, P0420 kuwa katalizar ce ta gaza. Lambar ba ta cewa hanci ya mutu, cewa ta ke yi akwai matsala a hanyarsa. Fis, da soket, da waya, duk suna cikin hanyar, kuma su a ke fara dubawa kafin a aika sayen sabo.

Tun 1963 da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a ƙasar nan, a kan gaya wa manya cewa karatu zai amfane su wajen awon gyaɗa da takardar haraji. Ga wani amfani da ba a lissafa ba a wancan lokaci. Bakaniken da ya iya karanta harafi ɗaya da lambobi huɗu, ya iya rubuta launi huɗu a takarda, ya iya bambanta 0,1 da 0,9 a fuskar mita, ya riga ya wuce wanda ya fi shi shekaru ashirin a sana'a amma da kunne kaɗai ya ke aiki. Ba a ce kunne ya daina amfani ba. Har gobe shi ke gane ƙarar bori da ta bawul. Amma wannan ciwo ba ya ƙara. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi, da asusun FAFPA mai tallafa wa horon masu sana'a, suna da filin aiki a nan: darasi na ƴan kwanaki, da Hausa, ga iyayen gidan gareji na Ƙonni da Malbaza da Illela, a kan mita da lamba da filayar matsi, zai kai ga yaran da ke ƙarƙashinsu ba tare da an gina aji ba.

Ga shugabannin ma'aikatu kuwa, masu sa hannu a takardun bon na mai, abin dubawa yana cikin littafin mota. Idan ana rubuta kilomita da lita a duk shan mai, rabon da ke tsakaninsu ya kan tsaya wuri guda wata da watanni. Ranar da ya yi tsalle, ba lalle ne direba ya sayar da mai ba, kamar yadda a kan yi saurin zato. Mutane nagari sun sha zargi a kan laifin waya mai tsawon taƙi. A sa a murɗa makulli a ga ko fitila tana kamawa, a sa a karanta lambar, a sa a ɗaga motar. Lokacin da ya fi dacewa da wannan dubawa shi ne ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, sa'ad da ƙoramun Maggiya suka janye, laka ta bushe a cikin soket, motoci kuma suka fara shirin jigilar kaka.